Hutun bakin teku a Ghana: inda ake iyo, inda ake hawan igiyar ruwa, da inda ba a shiga

Da zarar hutun ƙarshen shekara ya gabato, tambayoyin ba sa canzawa. Wane bakin teku ne ya fi a Ghana? Ina za a kai yara? Me za a tanada? Kuma da gaske ne wanda bai taɓa ganin teku ba zai iya koyon hawan igiyar ruwa cikin mako guda? Gaɓar Ghana ta kai wajen kilomita 550, daga Aflao a iyakar Togo har iyakar Kwaddibuwa, amma wuraren da baƙo zai shiga ruwa hankali kwance ba su taka kara sun karya ba. Tekun Atalantika a wannan yanki yana da ƙarfi, kuma kyan wuri a hoto ba ya nuna halin ruwansa. Saboda haka shirin yana farawa ne daga kanka, sannan a zo maganar wuri.

1. Auna iyonka tukuna

Wanda ya saba da kogi, dam ko kududdufi yakan ɗauka ya gama sanin ruwa. Kogi gefe ɗaya yake tafiya. Teku kuwa ya turo ka gaba, ya janye yashin da ka taka, kafin ka gyara tsayuwa wata igiyar ta iso.

Kafin tafiya, gwada kanka a wurin wanka na otal ko na filin wasa. In kana iya yin mita 200 ba tsayawa, kuma kana iya kwanciya rigingine a kan ruwa minti biyar ba ka taɓa ƙasa ba, za ka iya shiga har ƙirji a wuri mai sauƙi. In kana iyo amma ba ka kai haka ba, iyakarka ƙugu. In ba ka iya ba sam, iyakarka gwiwa, kuma babu abin kunya a ciki.

*Gargaɗi:* tubin taya da katifar hurawa ba sa tsare rai a teku. Su ne ma ke yaudarar mutum ya yi nisa, igiya ɗaya ta raba shi da su.

2. Zaɓi wata

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin iyali da ɗan koyo. Ruwan sama ya ɗauke, igiya ta yi laushi, ruwan teku yana da ɗumi, wajen digiri 27 zuwa 29. Hunturu kan kawo hazo a Disamba da Janairu, amma ba irin sanyin Kano ko Damagaram ba.

Babbar damina a gaɓa tana kamawa daga Afrilu zuwa farkon Yuli, ta fi tsanani a Yuni, sannan ƙarama ta biyo a Satumba da Oktoba. A tsakanin Afrilu da Satumba ne manyan igiyoyi ke isowa daga kudancin Atalantika. Gwanayen hawan igiya wannan lokacin suke jira, mai iyo kuwa lokacin ne ya fi masa haɗari. A Agusta ruwan kan yi sanyi sosai har mutum ya ji a jikinsa.

In da hali, kauce wa ranakun cunkoso: 26 ga Disamba, 1 ga Janairu, 6 ga Maris ranar 'yancin kai, Litinin ɗin Ista, da ranakun yawon salla. Jama'a kan yi yawa har babu mai lura da wani a cikin ruwa. Disamba kuma ita ce watan tsadar masauki a Accra. Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ya fi sauƙi ga aljihu, teku kuwa bai canza ba.

3. Zaɓi gaɓa gwargwadon abin da za ka yi

*Busua.* In wuri ɗaya za ka je, nan ne. Ƙauyen masunta ne a Yankin Yamma, kimanin awa ɗaya daga Takoradi. Yashin yana gangarawa sannu a hankali, ba ya yin rami kwatsam, ga ƙaramin tsibirin Abokwa a gabansa. Shi ya sa ake lissafa shi cikin wuraren da suka fi sauƙin iyo a ƙasar, kuma a nan makarantun hawan igiya suka fi kafuwa. Dixcove na yamma da shi, Butre na gabas, duka ana zuwa da ƙafa. Wajen duwatsun da ke hanyar Dixcove akwai igiyar da ake kira Black Mamba. Wannan ta gwanaye ce, ƙasanta dutse ne da bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya a duk jikinta.

*Kokrobite.* Kimanin kilomita 30 yamma da Accra. Ya dace da wanda kwana biyu kawai gare shi kuma yana son darasi. Igiyarsa ta fi ta Busua ƙarfi, ƙarshen mako kuma akwai kiɗa har tsakar dare. Kada ka yi nisa da masauki kai kaɗai da waya a hannu, ƙwace ba sabon abu ba ne a gefen da babu jama'a.

*Bojo.* Kafin ka kai Kokrobite, a Bortianor. Ana biyan kuɗin shiga, sai a haye da kai a kwalekwale zuwa wani tudun yashi tsakanin bakin kogin Densu da teku. Ya fi yawancin gaɓar Accra tsafta, ya dace da yinin iyali.

*Labadi.* A cikin Accra yake, ana biya a ƙofa. Wurin kallo ne: dawakai, makaɗa, masu tsire, masu sayar da tsaraba. Je ka sha iska, ka jiƙa ƙafa. Bayan ruwan sama kada ka shiga, domin duk ledar da kwatocin birni suka kwaso nan teku ke dawo da ita. Gaɓar Jamestown da Chorkor da bakin tafkin Korle kuwa ba wurin wanka ba ne ko da rani.

*Ada Foah.* Gabas da Accra, tafiyar awa biyu zuwa biyu da rabi, inda kogin Volta ya faɗa teku. Gefen kogi lumui yake, ana yawon jirgin ruwa tsakanin tsibirai, kuma daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu kunkurun teku kan fito yin ƙwai da dare. Gefen teku kuwa yashinsa a tsaye yake, igiya na faɗuwa a kansa kai tsaye. Ainihin bakin da kogi ya haɗu da teku, ko gwani ba ya iyo a wurin.

*Anomabo da Brenu Akyinim.* Suna kusa da Cape Coast da Elmina, sun dace da wanda zai haɗa hutu da ziyarar tsofaffin ganuwoyin bayi. Inuwar kwakwa da shiru sun wadata, amma ruwan na da ja.

*Cape Three Points da Axim.* Can ƙuryar yamma. Cape Three Points ne ƙarshen ƙasar ta kudu, hanyarsa ba kwalta mai kyau, da damina sai mota mai tsayi. Axim na da 'yan lunguna da duwatsu suka kare, sai dai yankin ne ya fi ko'ina ruwan sama a Ghana.

*Gargaɗi:* ruwan daɗi na Volta yana ɗauke da tsargiya, musamman inda ciyawa ta yi yawa kuma ruwa ba ya gudu. Kada a bar yara su yi wanka a irin wannan wuri don kawai ba igiya.

4. Takardu, kuɗi da hanya

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, fasfo na ECOWAS ya ba shi kwana 90. Mai fasfon Nijar ya tuntuɓi ofishin jakadancin Ghana kafin ya sayi tikiti, tunda ƙasar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kowa kuma sai ya riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara, kuma allurar ta kwana 10 da yi kafin ranar shiga. Wannan katin ne ya fi tsayar da matafiya a kan iyaka. Mai bin ƙasa daga Legas zai ratsa Seme, Kwatano, Lome, sannan Aflao, wato iyaka uku, don haka ya ware yini guda cur.

Daga Accra, wadda mutanen zango ke kira Ankara, motocin yamma a Kaneshie suke lodi. Cape Coast wajen kilomita 150 ne, Takoradi kuma wajen 220, awa huɗu zuwa biyar in hanya ta yi kyau. Tashi da asuba, don cunkoson Kasoa shi kaɗai kan ci awa. Daga Takoradi ka shiga motar Agona Nkwanta, daga nan tasi zuwa Busua. Wanda ya taso daga Tamale ko Kumasi ba sai ya bi ta Accra ba, akwai motar Takoradi da ta Cape Coast kai tsaye daga Kumasi.

Kuɗin ƙasar sidi ne. Abin da ke cin kuɗi, daga babba zuwa ƙarami: masauki, mota, abinci, darasi da hayar allon hawan igiya, sai kuɗin shiga da na kwalekwale. A mota, ƙananan bas da ake kira torotoro sun fi araha, manyan bas masu sanyi irin na STC na biye, jirgin sama zuwa Takoradi kuma ya ninka su sau da yawa. In direban tasi ya ce maka "diropin", shata yake nufi, kuɗin kujeru duka za ka biya. Ku yi ciniki kafin ka sa jaka a but.

*Gargaɗi:* canja kuɗi ko cire su tun a Accra ko Takoradi, a wurin canji mai lasisi. Ƙauyukan gaɓa ba wurin neman na'urar cire kuɗi ba ne. Ka nemi takardun sidi 5, 10 da 20, don mai kwakwa ba ta da canjin 200.

5. Haɗa kaya

Namiji ya tanadi wando mara nauyi mai mazagi, wanda ya rufe gwiwa, da riga mai kama jiki don kada allo ya goge masa ƙirji. Mace ta nemi kayan iyo masu rufe jiki duka, na yadi mara shan ruwa, da hular kai mai kamawa. Dogon hijabi, zane, jallabiya da wandon jins duk ba sa shiga teku. In sun jiƙe nauyinsu na ninkuwa, su naɗe ƙafa, igiya kuma ta samu abin kamawa.

Sauran su ne rigar ceto daidai jikin kowane yaro, takalmin roba na shiga duwatsu, man kare fata daga rana (baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman hanci da kafaɗa), jakar waya mara shan ruwa, matsefata, filasta, maganin sauro da tocila. Cajar Najeriya na shiga soket ɗin Ghana, mai ta Nijar ya nemi mahaɗi.

6. Kama masauki

Tambayoyi huɗu kafin ka biya: akwai gidan sauro ko raga a taga? Ruwan wanka na famfo ne ko na bokiti? In wuta ta ɗauke akwai janareto ko sola? Ina mashayar da ta fi kusa? Ta ƙarshen ita ce ke raba barci da kwanan zaune daren Asabar. Biya kwana ɗaya tukuna, in wurin ya yi maka sai ka nemi ragi a sauran kwanakin.

Ka kuma zaga gaɓar gaban masaukin da safe. A wasu ƙauyukan masunta akwai gefen da mutane ke zagayawa, kuma tun 2011 wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa kan taru a gaɓar yamma lokaci-lokaci, in ta ruɓe warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

7. Karanta ruwa kafin ka shiga

Wannan matakin ne ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Yawancin gaɓar Ghana babu masu gadin ruwa, babu tuta, babu allon gargaɗi.

Tsaya a wuri mai ɗan tudu minti goma kana kallo. Igiyoyi a jere suke zuwa: 'yan ƙanana na ɗan lokaci, sai manya uku ko huɗu a bayansu. Wanda ya shiga lokacin lafawa bai ga manyan ba, shi suke kayarwa.

Abin da kake nema shi ne koramar cikin teku. Igiya na tara ruwa a bakin gaɓa, ruwan kuma dole ya koma. Sai ya samu wani rami a cikin yashi ya bi da gudu, kamar yadda ruwan sama ke samun kwari. Ga alamunta: wani zirin ruwa da ya fi na gefensa duhu, igiya ba ta fashewa a kansa, ko kuma ruwan ya yi jajaja-jajaja da yashi, kumfa da tarkace na tafiya ciki maimakon su fito. Abin da ke ruɗin baƙo shi ne nan ne wurin ya fi kama da kwanciyar hankali. Inda farin kumfa ke fashewa a jere, nan ne ƙasa ta fi tudu, nan ake shiga. Mai ƙarfi a cikin koramun nan kan wuce mita biyu a daƙiƙa, gudun da ko zakaran gasar iyo ba ya cim masa. Sun fi yawa a gefen duwatsu da bakin kogi, kuma sukan ƙara ƙarfi idan teku ya janye.

Teku na cika sau biyu, ya janye sau biyu a kwana, tsakani awa shida da 'yan mintuna, kuma lokacin na ƙara jinkiri da wajen minti 50 kullum. Wurin da ya yi daɗi jiya da ƙarfe tara ba lalle ya zama haka yau ba. Tambayi masu koyar da hawan igiya ko masunta, "Ina ake shiga yau?" Sannan ka sa alama a tudu, wata bishiyar kwakwa ko jan rufi, kana dubawa, don ruwa na jan mutum gefe bai sani ba.

*Gargaɗi:* ba a ba teku baya, ba a yin alkafura da ka cikin ruwan da ba a san zurfinsa ba, ba a shiga bayan magariba. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Yaro ya kasance inda hannunka zai kai gare shi, kuma a fayyace wane babba ne ke tsaronsa. In an bar wa kowa, babu mai yi.

8. In korama ta ja ka

Ba ƙasa take jan mutum ba, ciki take kai shi. Gajiya da firgita ne ke nutsarwa. Kada ka yi kokawar komawa ta inda ka fito. Kwanta rigingine, ka daidaita numfashi, ka ɗaga hannu ɗaya. In da sauran ƙarfi, yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka isa inda igiya ke fashewa, ita za ta turo ka waje. Yawanci faɗin koramar bai kai tsawonta ba, kuma ƙarfinta na mutuwa a bayan layin igiya.

In wani ka hango, kada ka faɗa hannu rabbana. Yi ihu, kira masu allo ko masunta, jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce mai murfi. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce. In an fito da shi ba ya numfashi, kwantar da shi, ɗaga haɓarsa, hura masa iska sau biyar, sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30 da hurawa biyu, a yi ta maimaitawa. Kada a juya shi kai ƙasa ko a matse masa ciki wai don ruwa ya fita, ɓata lokaci ne kuma yana jawo amai. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti. Daga Busua akwai na gwamnati a Dixcove, babba kuma Effia Nkwanta ne a Sekondi.

9. Darasin farko na hawan igiya

Ɗauki malami aƙalla kwana biyun farko. Darasi kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ka tabbatar kuɗin ya haɗa da allo. Nemi na safe, ƙarfe shida zuwa tara, kafin iskar teku ta taso ta dagula ruwa. Talata ta fi, don a yawancin garuruwan gaɓa masunta ba sa fita ranar, ba jirage ba igiyoyin taru.

Allon ɗan koyo na soso ne, tsawon ƙafa 8 zuwa 9. Gajeren allo mai tsini abin sha'awa ne a ido, amma ba zai ɗauke ka ba. Duba ɗaurin da ke haɗa ƙafarka da allo ko ya tsage, duba wuƙaƙen roban da ke ƙasan allon ko suna girgiɗi.

A kan yashi ake farawa. Sa wani ya ɗan tura ka ta baya: ƙafar da ta fara fita ita ce ta gaba, ɗaurin kuma a ta baya yake. Kwanta rub da ciki, tafin hannu a gefen haƙarƙari, ka ɗaga ƙirji, ka jawo ƙafafu ƙarƙashinka a motsi ɗaya, jiki a karkace, gwiwa a lanƙwashe. Yi sau 20 kafin ka taɓa ruwa.

A ruwa, tsaya iya ƙugu, allo a gefenka. Farin kumfar da ya riga ya fashe za ka hau. In ya kusa, juya hancin allo ya kalli gaɓa sak, ka kwanta, ka fara tuƙi da hannu. Idan ka ji ya ɗauke ka, ƙara tuƙi biyu, sannan ka miƙe.

Kurakuran kusan iri ɗaya ne ga kowa. Hancin allo ya nutse ka wuntsila: ka matsa gaba da yawa, ja baya kamu ɗaya. Igiya ta wuce ta bar ka: ka yi baya da yawa ko ka makara da tuƙi. Ka miƙe ka faɗi nan take: ƙafarka kake kallo, ɗago kai ka kalli bishiyoyi. Allo na birkicewa: ka riƙe gefensa maimakon ka dafa samansa. Wanda kuma ya saba tashi da gwiwa tukuna zai sha wuyar bari.

*Gargaɗi:* kada allo ya shiga tsakaninka da igiya, fuska zai doka. In za ka faɗi, faɗi a shimfiɗe, ka fito da hannu a kan ka. Igiya ta wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa ce, kada ka shiga gabansa.

Yawancin masu ƙoshin lafiya kan miƙe a kan kumfa cikin darasi ɗaya zuwa uku. Hawan igiyar da ba ta fashe ba kuwa aikin makonni ne.

10. Ci, salla da zama da mutanen gari

Bahaushe ba ya yunwa a Ghana. Koko da ƙosai na safe sunansa ma kokon Hausa, waakye shinkafa da wake ne, tsire kuma cincinga ake ce masa. A gaɓa ga dokunu da soyayyen kifi da barkono, ga banku da gasasshen karfasa. Kifi da jatan lande a yi cinikinsu kafin a ɗora a wuta. Wurin gashin nama ka tambaya, domin ana sayar da naman alade a wasu rumfuna, sunansa domedo.

Agogon Ghana na bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, gyara wayarka saboda lokutan salla. Alƙibla gabas ce maso arewa, don haka a yawancin wurare, in ka fuskanci alƙibla, teku zai kasance a damanka. Ruwansa na alwala. Takoradi, Cape Coast da Elmina duk suna da zango da masallacin Juma'a.

In ka tarar ana jan taru, kada ka tsallake igiyar, zagaya ta bayan masu ja. Gai da mutane, nemi izini kafin ɗaukar hoto, kuma kada ka hau jirgin da aka jingine a yashi.

11. Ƙananan raunuka

Ƙayar bushiyar teku: jiƙa ƙafar a ruwan zafin da za ka iya jurewa na rabin awa, cire na waje da matsefata a hankali don tana karyewa, wadda ta shige kusa da mahaɗar ƙashi a bar wa asibiti. Harbin halittar nan mai kama da leda mai yauƙi: wanke da ruwan teku, kada ka sa ruwan daɗi ko ka goge da yashi, cire zaren da ya manne, sannan ruwan zafi. Yankan dutse ko na kwalba a wanke da ruwa mai tsafta da sabulu nan take. Zazzaɓin da ya taso a lokacin hutu ko bayan an koma gida, a yi gwajin maleriya, kuma in fitsari ya zo da jini makonni bayan wanka a Volta, a gaya wa likita inda aka shiga.